Babi Na Arba'in Na Furuƙ Da Tambayar Tela: Ina Matsayin Abin Da Ke Hana Barci?

 

A zaman karatun da muke yi tsakanin Magariba da Lisha mun iso babi na arba'in na littafin Al-Furuƙ na Imam Shihabuddin Al-Ƙarafi, babin da ya rarrabe abin da ke sa maye, da abin da ke ɓata hankali, da abin da ke gusar da ji da gani. Da aka rufe littafi sai wani saurayi, tela ne a nan Briketeri, ya ce: "Allah Ya gafarta Malam, to wanda yake shan abu don kada ya yi barci fa? Ba ya tangaɗi, ba ya sambatu, aikinsa ma ya fi sauri. A cikin ukun nan ina za a sa shi?" Aka amsa masa da cewa ƙwaya duk ƙwaya ce, haramun ce, aka tashi salla. Mun ga fuskarsa, amsar ba ta shige shi ba. Mu ma da muka koma gida ba ta shige mu ba. Shi ya sa muka sake buɗe babin, muka ajiye shi kusa da abin da masana magunguna suka tabbatar, don mu ga inda ya isar da inda yake bukatar ƙari. Fatawa ta malamai ce, ba ita muka zo bayarwa ba. Namu sharhin ɗalibai ne a kan littafin da suke ƙauna.

Abin da babin ya ƙunsa

Ƙarafi malamin Malikiyya ne, a Masar ya rayu, ya rasu a 684 Hijira, wato 1285. A wannan babi ya auna abin da mutum ya ci ko ya sha da irin tasirin da ya yi masa. Idan ya ɗauke ji da gani da shaƙa da ɗanɗano da taɓawa, ya kira shi murƙid, mai kwantarwa. Idan waɗannan suna nan amma hankali ya rufe, tare da nishaɗi da farin ciki da jin ƙarfin zuciya ga galibin masu shansa, wannan shi ne muskir, mai sa maye. Ya kawo misalin giyar inabi da ta alkama da ta zuma da ta dawa, kun ga bilbil da burkutu sun shigo ke nan. Idan kuwa hankali ya rikice ba tare da wannan nishaɗi ba, shi ne mufsid, kamar banju. Mu a nan zaƙami ya fi kusa da fahimtarmu.

Sannan ya keɓe muskir da hukunci uku: haddi a kan mai shansa, najasa, da haramcin ko da kaɗan ne daga cikinsa. Sauran biyun babu haddi a kansu, ba najasa ba ne, kuma ɗan abin da bai kai ya taɓa hankali ko gaɓoɓin ji ba ya halatta.

Dole mu yaba wa wannan tsari. Mutumin ƙarni na 13 ya ƙi yanke hukunci da suna ko da ƙyama, ya ce a dubi abin da abu ke yi wa ɗan Adam. Da wannan ƙa'ida ne allurar barcin da ake yi wa mara lafiya kafin tiyata ta sami gurbi ba tare da an kira likita mai shayar da giya ba. Duk ɗalibin da ya riƙe ta ya tsira daga hargitsa abubuwa.

Sai dai rukunan nan uku duk a kan raguwa suke: ji ya ragu, hankali ya rufe, tunani ya rikice. Tambayar telanmu kuwa a kan abin da ke ƙarawa take, wanda ke buɗe ido ya kore gajiya ya sa hannu sauri. Babin bai yi masa ɗaki ba. Ba laifin marubucin ba ne, domin gahawa ba ta yaɗu ba sai a ƙarni na 15 ta hannun sufayen Yaman, taba kuma sai ƙarshen ƙarni na 16 ta shigo ƙasashen Musulmi. Laifin zai zama namu idan muka ci gaba da karanta babin kamar ba a ƙirƙiro komai ba bayan 1285.

Goro, shayi da Nescafé

Mu fara da na cikin aljihunmu. Kakanninmu fatake sun yi ƙarnuka suna zuwa Gwanja ɗauko goro, har yau kuma ba a ɗaurin aure ko suna a unguwar nan sai da shi. Abin da ke aiki a cikin goro shi ne kafeyin, wanda ya kai kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyin busasshensa, tare da ɗan'uwansa tiyoburomin. Shi ne dai a cikin shayi da gahawa da lemukan ƙarin kuzari. Wani Bajamushe mai suna Runge ne ya fara tace shi daga gahawa a 1819.

Yadda yake aiki kuwa abin lura ne. Tun daga lokacin da mutum ya farka, wani sinadari mai suna adenosin yake taruwa a ƙwaƙwalwa. Yana da ƙofofin da yake zama a kansu, idan ya zauna sai ya rage gudun jijiyoyi, mutum ya fara hamma. Kafeyin ya yi kama da shi a siffa, sai ya riga shi zama a ƙofar amma ba ya isar da saƙon. Adenosin yana nan yana ƙaruwa a waje kamar mai bin bashi da aka ce masa maigida ba ya nan. Ba a biya bashin barcin ba, ɓoye shi aka yi. Da kafeyin ya janye sai gajiyar ta faɗo gaba ɗaya.

Yakan kai ƙarfinsa a jini cikin minti 30 zuwa awa ɗaya, kuma jikin baligi mai lafiya yana ɗaukar kimanin awa 5 kafin ya rage rabinsa. A lissafa: wanda ya sha miligiram 200 da ƙarfe 7 bayan buɗa baki, da 12 na dare akwai kusan 100 a jikinsa, da Asuba akwai kusan 50. To ina mamaki idan ya kasa rintsawa kafin sahur, sannan ya wuni yana gyangyaɗi a sahu? Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta bayyana a 2015 cewa har miligiram 400 a yini ba abin damuwa ba ne ga baligi mai lafiya, mai ciki kuwa kada ta wuce 200, domin jikinta yana jinkirin fitar da shi sosai. Ƙaramin gwangwanin Red Bull yana da 80. Wanda ya haɗa gwangwani biyu da cokula uku na Nescafé da zagayen shayi uku da goro a baki, shi kansa bai san inda ya kai ba. Alamar wucewa ita ce rawar hannu, bugun zuciya, fargaba da rashin barci.

A nan ne muka sami wanda ya cike wa Ƙarafi giɓinsa na farko, kuma ɗan gida ne. Imam Al-Haɗɗab, mai Mawahibul Jalil, sharhin Mukhtasar na Khalil, an haife shi a Makka a 1497. Yana yaro matashi lokacin da Kha'ir Beg ya tara malamai da likitoci a 1511 aka hana shan gahawa a garin, hanin da bai daɗe ba. Da ya zo kan mas'alar a littafinsa sai ya soki ɓangarori biyu, masu ɗaukar shanta ibada da masu daidaita ta da giya. Ra'ayinsa shi ne ba ta sa maye, tana dai kawo kuzari, kuma wanda ya dawwama a kanta jikinsa yakan saba har ya ji a jikinsa idan ya bari. Haramci kuma yakan same ta ne ta wajen abin da aka haɗa ta da shi, kamar zaman banza da kwaikwayon majalisar mashaya.

'Yan'uwa, wannan sabo da ya ambata shi ne abin da likitoci suka auna daga baya. Idan aka daɗe ana tare ƙofofin adenosin, ƙwaƙwalwa takan daidaita kanta da hakan, sai ranar da aka daina a ji ciwon kai da kasala da saurin fushi. Yakan fara bayan awa 12 zuwa 24, ya iya kai kwana biyu zuwa tara. Ciwon kan ranar farko ta azumi da yawancinmu muke ɗora wa yunwa, a wajen mutane da yawa kewar shayi da goro ce. Haɗɗab ya ga abin da idonsa kusan shekaru ɗari huɗu kafin a san sunan adenosin, muna ganin wannan sakin layi nasa ya cancanci a riƙa karanta shi tare da babin Ƙarafi.

Waɗanda suka fi ƙarfin goro

Kuskuren da za a iya faɗawa daga nan shi ne a ce tunda gahawa ta halatta don kuzari kawai take kawowa, to duk mai kawo kuzari haka yake. Hanyar aikinsu ta bambanta ƙwarai.

Jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba sa haɗe da juna, akwai ɗan tsaki tsakaninsu, sinadarai ne 'yan aike da ke tsallaka shi. Ɗaya daga cikinsu shi ne dofamin, wanda ke sa mutum ya ji abu ya yi daɗi har ya so maimaita shi. Allah Ya tsara cewa idan ya isar da saƙo a kwashe shi a mayar rumbu. Hodar iblis, wadda aka tace daga ganyen koka a wajen 1860, toshe hanyar kwashewar take yi, sai dofamin ya taru. Amfetamin, wanda aka fara haɗawa a Balin a 1887, ya wuce nan: shiga yake cikin jijiyar ya juya hanyar, ya tilasta wa rumbun ya zazzago abin da ke ciki. Haka yake yi wa noradirenalin, ɗan aiken da ke ɗaga bugun zuciya da hawan jini. Ƙaninsa metamfetamin ya fi shi zafi, rabinsa kawai yakan ɗauki awa goma ko fiye kafin ya bar jiki. Da sunan Pervitin aka sayar da shi a Jamus daga 1938, aka raba wa sojoji a Yaƙin Duniya na Biyu don su yi tafiya ba barci, har hukumomin can suka ga ɓarnar suka taƙaita shi.

Kada mu ce wannan labarin nesa ne. A 2011 hukumar NDLEA ta gano wurin dafa metamfetamin na farko a Legas, a 2021 kuma ta kama ƙwayar Captagon a tashar jiragen ruwa ta Apapa. Captagon ɗin nan magani ne da aka haɗa a Jamus a 1961, idan ya shiga jiki yakan rabe ya ba da amfetamin, an sa shi ƙarƙashin dokar ƙasa da ƙasa a 1986. Hanyar da kaya ke bi daga Legas zuwa Duwala da Yawunde kowa ya san ta.

Mai shan waɗannan a awannin farko ba ya tangaɗi. Yana magana da kaifi, yana jin ya fi kowa, ba ya jin yunwa. Idan da Ƙarafi ya gan shi a wannan sa'a zai ga nishaɗi da ƙarfin zuciya, alamun muskir, amma zai ga hankalin kamar bai rufe ba. Sai a dawo bayan kwana uku ba barci: zargin kowa, jin muryoyi, ganin ana bin sa, wani har ya ɗauki wuƙa a kan ɗan'uwansa. Ga haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ko da ga saurayi. Idan abin ya sake shi sai baƙin ciki mai nauyi, domin an wawushe rumbun, abinci da iyali da karatu duk sun daina yi masa daɗi.

Wannan shi ne giɓi na biyu a babin: ya auna mutum a zama ɗaya, alhali waɗannan abubuwa sai an bi mai su kwana da kwanaki ake ganin fuskarsu. Nan ma wani malamin mazhabarmu ya hango. Ƙarafi ya sa wiwi a cikin mufsid, amma Khalil ya kawo a littafinsa At-Taudih cewa malaminsa Abdullahi Al-Manufi yana ganin muskir ce, hujjarsa kuwa ita ce an ga masu shanta suna sayar da dukiyarsu saboda ita, wanda ke nuna akwai daɗin da ke jan su. Manufi ya bar kallon tafiyar mutum ya kalli abin da ya rage a ɗakinsa. A iliminmu na yau wannan shi ne ma'aunin kamu, kuma shi ya fi dacewa da masu taɓa dofamin. Ba mu taɓa jin wanda ya sayar da keken ɗinkinsa don goro ba. Don ƙwaya kuwa mun ji.

Tramol, mai fuska biyu

Mu dawo kan abin da muke zaton telanmu yake nufi, ko da bai kira suna ba. Tramadol kamfanin Grünenthal na Jamus ne ya haɗa shi a 1962, ya shiga kasuwa a 1977 a matsayin maganin ciwo. A littafin masana ba ya cikin masu zaburar da ƙwaƙwalwa, dangin ofiyom ne. Sai dai aiki biyu yake yi. Hanta tana juya wani ɓangarensa ya zama sinadarin da ke kama ƙofofin da mofin ke kamawa, ya kashe ciwo. Shi kansa kuma yana hana kwashe noradirenalin da serotonin. Wannan aiki na biyu ne ke sa ɗan moto da mai dako a kasuwar Mokolo da tela su ji wai ƙarfi ya zo. Ciwon baya ya yi shiru, ido ya buɗe, sai mutum ya ɗauka ya sami lafiya, alhali jikin yana ci gaba da lalacewa, ƙararrawar ce kawai aka cire.

Ƙwayar asibiti miligiram 50 ce, kuma likita ba ya wuce 400 a yini ga baligi. Waɗanda ake sayarwa a kan tebur da cikin leda akwai masu 120, 200, 225, har 250. Biyu daga cikin masu 225 sun riga sun haye iyakar yini guda. Daga nan haɗarin farfaɗiya yake ƙaruwa, mutum ya faɗi yana jijjiga ko da bai taɓa yin ta ba a rayuwarsa. A yi tunanin wannan ya same shi a kan moto da fasinja a baya, a gangaren Madagaskar ko mahaɗar Tsinga. Idan kuma aka haɗa shi da giya ko maganin barci irin su diyazefam, numfashi ne yake iya tsayawa.

Yawan yaɗuwarsa a ƙasar nan ya kai ga wani abin al'ajabi. A 2013 wasu masu bincike suka sanar cewa sun sami tramadol a saiwar tafashiya a arewacin Kamaru, aka yi ta murna wai itace na yin maganin da kansa. A 2014 wata tawaga daga jami'ar Dortmund ta sake bincike, ta nuna cewa a wuraren da aka same shi manoma suna sha suna kuma ba shanun huɗa don su jure aiki, fitsari da kashi suka kai shi ƙasa da ruwa, itacen ya tsotsa. Abin da ya kai ga saiwar itace a daji, ina ga gidajenmu?

To a wane ɗaki na Ƙarafi za a sa tramol? A hannun likita magani ne. Ga mai neman ƙarfi yana kawo nishaɗi irin na muskir. Idan ya yi yawa yana rikita tunani kamar mufsid, idan ya ƙara ya kwantar kamar murƙid. Abu ɗaya ya zaga ɗakunan uku gwargwadon adadi, da kuma jikin mai sha, domin hantar mutane ba gudu ɗaya take juya shi ba.

Nan giɓi na uku yake, kuma shi ya fi ba mu tsoro. Mun ji wasu matasa masu ɗan karatu suna kafa hujja da cewa ai an halatta kaɗan da bai taɓa hankali ba. Ƙarafi yana maganar ɗan ƙwayar ofiyom ko banju ne a zamanin da ba a san matse ɗaruruwan miligiram a abin da bai kai ƙwayar wake ba. Kuma jiki yana sabawa: wanda ɗaya ta ishe shi bara, bana sai huɗu, ya ce maka hankalinsa garau. Ma'aunin "bai taɓa hankalina ba" yana tafiya tare da mai shan, ba ya tsayawa wuri ɗaya, farfaɗiya kuwa ba ta jiran sai ya ji maye. Sannan babin yana magana ne a kan haddi da najasa. Bai zo ya shafe wajibcin kiyaye rai da hankali da dukiya ba, bai kuma shafe haramcin cutar da kai da cutar da wani ba. Wanda ya ɗauki jimla ɗaya ya bar sauran fiƙihu ya zalunci littafin.

Ibnu Hajar Al-Haitami ya sha irin wannan wahala a ƙarni na 16 da aka tambaye shi game da ganyen ƙat na Yaman. Shaidu suka saɓa, wasu suka ce yana cutarwa wasu suka ce a'a, sai ya karkata ga a nisance shi a matsayin shubuha. Yau an san sinadarin da ke cikinsa, katinon, ɗan'uwan amfetamin ne. Abin da ya rasa shi ne shaidar da ba ta dogara da bakin mai sha ba. Mu muna da ita, ba mu da uzurin ƙin tambaya.

Inda wa'azinmu ya gaza

Ba za mu soki littafi mu ƙyale kanmu ba. Amsar da aka ba tela irin wadda muke bayarwa ce kullum, mu ma mun sha ba da ita. Aibinta uku ne.

Na farko, tana tara komai a buhu ɗaya. Saurayin da ya san bambancin tramol da wiwi da sholisho a jikinsa, idan ya ji mai wa'azi ya ce duk suna sa tangaɗi, sai ya yanke cewa Malam bai san abin ba, ya daina sauraren sauran maganar, har da gaskiyar da ke ciki.

Na biyu, tana tsorata masu lalura. Akwai wanda aka yi wa tiyata ko mai ciwon daji da likita ya rubuta wa tramadol ko mofin. Akwai yaran da ake ba Ritalin saboda matsalar rashin natsuwa. Jariran da aka haifa bakwaini ma kafeyin ake ba su a asibiti don kada numfashinsu ya riƙa tsayawa. Waɗannan suna bukatar su ji daga mumbari cewa magani a hannun likita, da adadinsa da wa'adinsa, daban yake da na kan tebur.

Na uku, tana ɗora laifin duka a kan mai sha. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ke kai wa tela shadda kala biyar saura kwana huɗu Salla, ya ce in ba a gama ba za a ji kansu? Mu ne. Wa ke ba yaro moto ya yanka masa kuɗin da zai kawo kullum, wanda ba ya samuwa sai an yi tuƙi daga Asuba zuwa tsakar dare? A cikinmu yake, wataƙila a sahun gaba. Wa ke gaya wa ɗalibi saura mako biyu jarrabawar bak cewa barci na ragwaye ne? Ga kuma mai sayarwa, wanda dokar ƙasa mai lamba 97/019 ta 7 ga Agusta 1997 ta tsara yadda ake mu'amala da miyagun ƙwayoyi da magunguna masu taɓa ƙwaƙwalwa, amma ana gaisawa da shi a ƙofar masallaci ba mai ce masa komai.

Abin da muka fita da shi

Hukuncinmu a kan babin shi ne: tushe ne mai ƙarfi, a ci gaba da karantar da shi, amma kada a karantar da shi shi kaɗai. A haɗa shi da maganar Manufi a kan wanda ke sayar da kayansa, da maganar Haɗɗab a kan kuzari da sabo, sannan a gayyato likita ko ma'aikacin farmasi daga cikin jama'armu ya zauna a zaman. Kafin a kai wa malami tambaya a kan wani abu sabo, a zo masa da amsar abubuwa huɗu: me yake yi a sa'ar farko, me yake bari bayan kwana uku, shin adadinsa yana hawa, kuma wa ya rubuta shi. Malami ba zai yi hukunci daidai a kan abin da aka siffanta masa rabi ba.

Ga mai shayi da goro, ba a fafe gora ranar tafiya: a fara ragewa tun mako biyu kafin azumi, a kuma sassauta bayan Lisha. Ga masu kai ɗinki, a kai tun cikin Sha'aban. Ga wanda tramol ya riga ya kama, kada a ce ya yanke rana ɗaya da ƙarfin tuba kawai, domin zai sha zufa da ciwon gaɓoɓi da gudawa da firgici, da yawa a nan suke komawa. A raka shi wajen likita a rage masa a hankali. Asibitin Jamot yana da sashen da ke kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, zuwa can ba abin kunya ba ne. Idan kuma wani ya faɗi yana jijjiga, a kawar da abin da zai ji masa rauni, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko ruwa a baki, idan ta lafa a kwantar da shi a gefensa a nemi asibiti, a kuma gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha.

Telanmu kuwa muna bin kanmu bashin amsa a gare shi. Mun roƙi Malam a sake buɗe babin a zama mai zuwa, ya kuma amince, Allah Ya saka masa da alheri. Muna fata ɗan'uwan zai zo, ya zo da abokan aikinsa, ba wanda zai tambaye su dalilin tambayar.

Abin da muka dace daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, wanda ya ga gyara ya kawo wa kwamitin wannan mujalla. Allah Ya jiƙan malamanmu, Ya shirya zuriyarmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wallahu a'alam.